Shinkafar Kushewa

Ya 'yan uwa, ku gyara zama. An yi wani mutum a garin nan na Birnin Kebbi, ba a zamanin kakanni ba, a shekarun nan da kowa ya faɗa noman rani. Ba zan kama sunansa ba. Ba don ya cancanci a rufa masa asiri ba, sai don ya riga ya tafi inda ba ya iya kare kansa.

Asalinsa ɗan wata tungar masunta ne tsakanin Argungu da Augie. Uwarsa Kulsumi da dakan fura ta raine shi. Allah ya ba shi kai, ya yi karatu har ana ce masa Dakta, ba na allura ba, na littafi. Ya zauna ƙasar Turawa, ya je Indiya, ya je Sin. Ya dawo ya gina gida a unguwar Gesse, mai ƙofar ƙarfe da maigadi.

Ranar Juma'a yana sahun gaba da babbar riga. Amma in aka yi la'asar aka shimfiɗa darduma a ƙofar gidansa, abokai suka zauna, hirarsa ɗaya ce: mutuwa da abin da ke bayanta.

Wai shi ya ga duniya. Wai a Indiya ƙona gawa suke yi, suna cewa rai tufa yake sakewa, mutum ya mutu ya dawo sarki ko ya dawo jaki, gwargwadon abin da ya aikata. Wai akwai waɗanda ke ajiye wa matattunsu abinci da abin sha, suna cewa kakanni na nan suna kallo. Wai akwai masu kai gawa kan tudu su bar wa ungulu. Kiristoci sun ce akwai tashi da shari'a, mu ma mun ce akwai. Wasu masana kuma, wai, sun ce mutum fitila ne, in mai ya ƙare shi ke nan, ba haske ba hayaƙi. In ya gama jera su sai ya buɗe hannu ya ce, "To wanne za ka kama? Wa ya je ya dawo?"

Abokai su yi dariya. 'Ya'yansa na tsaye suna zuba shayi, suna ji.

Sanin abin da mutanen duniya suka ce ba laifi ba ne. Laifin yana wurin da ya kai sanin. Ku bi ni ku gani.

A tungar nan tasu akwai wata tsohuwa, sunanta Riskuwa. Kifi banda take sayarwa a kasuwar Argungu. Mijinta Tamba masunci ne, ya daɗe da rasuwa. Ɗanta Rabi'u da 'yarta Zuhura shekarar amai da gudawa ta kwashe su a damina guda. Akwai kuma wani jariri da bai kai suna ba. Dukansu suna kwance wuri ɗaya, a tsohuwar maƙabartar tunga, kan wani ɗan tudu a bakin fadama, ƙarƙashin wata kanya.

Da ruwa ya ci tunga aka tashi aka koma sama, sai aka buɗe sabuwar maƙabarta. Tsohuwar aka bar ta, ba shinge, ba katanga. Sai kasaken tukwane da ke leƙowa daga ƙasa, sai kanya. Amma duk wanda aka haifa a wurin ya san mutane ne a kwance. Ko makiyayi ba ya bari saniya ta taka.

Riskuwa mace ce, ba ta shiga maƙabarta. Sai dai hanyar kasuwa ta gefen tudun ta bi. Duk ranar kasuwa in ta iso daidai kanyar da kwandonta a ka, sai ta tsaya ta ce, "Salamu alaikum, mutanen gida. Ga ni zan wuce." In ta dawo ta gaya musu yadda kasuwa ta kasance. Ta roƙi liman da maigari, tun da ƙarfinta, in ta mutu a kai ta can. Ba ta da gona, ba ta da ɗa a raye. Abin da take da shi a duniya ke nan: wurin da za ta yi sallama, da wurin da za a ajiye ta.

To, sai mutumin nan ya bar aikin gwamnati ya shiga noman shinkafa. Ya saye fadamar tun daga bakin gulbi. Tudun nan ya tsaya masa a tsakiya, ya hana ruwa gudu yadda yake so.

Wata ranar kasuwa da hantsi, Riskuwa ta taho da kwandonta. Tun daga nesa ta ga sarari inda ba a saba ganin sarari ba. Ta tsaya. Ta murza ido. Kanya ce babu. Tana kwance, saiwoyinta a sama. Ga katafila a kan tudu tana gurnani.

Kwandon ya faɗi, kifi ya watse, ba ta ko waiwaya ba. Tsohuwar da ke tafiya da ƙyar, ran nan da gudu ta hau tudun da ba ta taɓa takawa ba.

Me ta gani, ya 'yan uwa? Ta ga kasake a farfashe. Ta ga ƙasa ja an juye ta, da farare-fararen abubuwa a ciki. Ta ɗauka saiwa ce. Ba saiwa ba ce.

Direban katafilar sunansa Bawa, Kirista ne, mutumin Zuru. Shi ma a lokacin ya gani. Ya kashe inji, ya sauko, ya cire hula. Ya ce wa mai gonar, "Oga, ba ka gaya mini kabari ne ba. Mu ma muna da matattu. Ba na yi." Ya ajiye makulli a kan taya ya kama hanya da ƙafa.

Mutumin yana tsaye a inuwar motarsa da ma'aikatansa. Riskuwa ta nufe shi. Ba ta ce masa Alhaji ba, ba ta ce Dakta ba. Ta san shi tun yana yawo ba wando.

Ta ce, "Kai ɗan Kulsumi! Mi kaka yi haka? Mutane na fa! Tamba na nan, ɗiyana na nan. Kakanka ma da ya haihi uwarka nan anka sa shi!"

Ya ce, "Inna, kwantar da hankalinki. Ba kowa a nan. Ƙasa ce."

"Ƙasa? Wanga ƙashi ƙasa ne?"

Sai ya gyara tsayuwa, ya soma yi mata irin karatun ƙofar gidansa. A gaban ƙasusuwan mijinta! Ya ce mata a Indiya da tuni an ƙone su an zuba a kogi. Ya ce wasu ungulu suke ba. Ya ce in maganar waɗancan ce gaskiya, Tamba ya daɗe da dawowa, wataƙila ma shi ne kifin da take bandawa. Ma'aikata suka sunkuyar da kai, wasu na danne dariya.

Riskuwa ta ce, "Za mu tsaya gaban Allah, ni da kai."

Ya yi murmushi. Ya ce, "To Inna, mu yi ciniki, tunda ke 'yar kasuwa ce. Ga shaidu. Ki bar mini nan. In akwai can ɗin, rabona na can duka na ba ki. Salla, azumi, Makka, ki haɗa. Na ba ki."

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Tsohuwa ta dube shi daga hula har takalmi. Sai bakinta ya faɗi abin da ya saba faɗi in mai saye ya yi wa kifinta tayin wulaƙanci.

Ta ce, "Albarka."

Ta juya. Ta kwance mayafinta, ta durƙusa, ta soma tsintar abin da hannunta zai iya kaiwa. Ba ta san na wa take ɗauka ba. Na Tamba ne? Na Zuhura ne? Na kakan mai gonar ne? Ta ƙulle su ta kai wa liman aka sake binnewa a sabuwar maƙabarta. Sauran kuwa, kafin ranar kasuwa ta zagayo an kawo wani direba ya baje tudun. Wannan na biyun Musulmi ne. An gan shi ya yi azahar a inuwar katafila kafin ya ci gaba. Ku ji da kyau, ban rage muku komai ba.

Ina Riskuwa ba ta je ba? Ta je wurin maigari, ya ce ta yi haƙuri. Ta je gaba, aka ce mutumin da izininsa. Ta je wurin masu rawani da masu biro, kowa ya girgiza kai ya ce abin bai yi daɗi ba, ta yi haƙuri. Haƙuri, haƙuri. Wa ya taɓa zuwa ya ce wa mai katafila ya yi haƙuri?

Ta ci gaba da bin hanyarta ta kasuwa. In ta iso wurin sai ta rasa ina za ta fuskanta. Ba kanya, ba tudu, sai ruwa kwance a fangali da kore shar har iyakar gani. Sai ta tsaya a kan kunya ta yi sallama ga shinkafa. Masu dashe na ganinta suna cewa ta taɓu.

Kuna jira in ce shukar ta ƙone? Ba ta ƙone ba. Shekarar nan ba a taɓa ganin shinkafa irin tasa a fadamar ba, kuma inda ta fi yin kyau daidai inda tudun yake. Ya ɗauki hoto ya nuna wa abokai. Ya ce, "Kun gani? Mutanen Inna sun yi amfani."

Allah ba ya gaggawa. Mu ne ke yi.

Abin ya soma a hankali. Matan da ke dashe suka riƙa cin karo da abin da ba a faɗi a cikin laka, suka daina zuwa. Mazan tunga suka ƙi yankan. Ya ɗebo ma'aikata daga nesa, su ma in sun ji labari su gudu. A kasuwar Argungu wani ya laƙaba mata suna: shinkafar kushewa. Sunan ya bi buhunansa kamar wari. Mace ta ɗebo a hannu ta tambaya, "Ba ta kushewa ba ce ko?" Ya sake buhu, ya sake suna, ya riƙa lodi zuwa garuruwan da ba a san shi ba. Dardumar ƙofar gida ta soma yin faɗi, don masu zama sun ragu. Wanda ya zo ma in an kawo abinci sai ya ce yana azumi.

Bai saduda ba. Ya ce jahilci ne ke damun mutane.

Ran nan da tsakar rana, lokacin yanka, yana tsaye a kan kunya yana yi wa ma'aikata faɗa. Ya ɗaga hannu zai nuna wani abu. Hannun ya sauko da kansa. Bakinsa ya karkace. Ya tafi gaba ɗaya ya kifa a cikin laka, babbar riga da komai, daidai inda kanya take a da. Sai da aka kwakulo ƙasa daga bakinsa.

An kai shi asibiti nan, an kai shi Abuja, an kai shi har Indiyar da yake ba da labari. Aka dawo da shi a keken marasa lafiya. Ɓarin jiki ya mutu. Hankalinsa na nan sarai, yana ji, yana ganewa, idonsa na bin kowa. Harshen ne aka karɓe. Mutumin da ke jin harsuna, mai jera addinan duniya kamar yana kasa tumatir, aka bar masa kalma uku tak.

Na ba ki.

A ba shi ruwa, "Na ba ki." Likita namiji ya tambaye shi ina ke ciwo, "Na ba ki." Matarsa Hajiya Nazifa da farko ta ɗauka da ita yake, har ta soma tambaya ko gidan yake nufi. Amma in ya faɗa ba ita yake kallo ba, ƙofa yake kallo, hawaye na bin gefen fuska. Kowa ya san da mace yake. Wace macen? Sai da wani tsohon ma'aikacinsa ya zo dubiya ya ji, ya dafe kai, ya ba su labarin cinikin kan tudu.

Da jiki ya yi tsanani, Hajiya ta aika da mota tunga.

Riskuwa ta zo. Ta tuɓe takalmanta tun daga ƙofar ƙarfe. Ta shiga ɗaki mai sanyi kamar randa. Ga liman a zaune, ga Hajiya, ga babban ɗansa Musaddiq wanda gonar ta koma hannunsa. Ga mutumin a gado, ya zama kamar tsumma.

Tun a mota take tanadin maganganu masu zafi. Da ta ga idonsa sai suka zube. Ta sha ganin mai mutuwa, amma ba ta taɓa ganin tsoro irin wannan ba. Idon mutumin da ya san ƙofofi da yawa, kuma ya duba ya ga ba wadda zai shiga ya tsira. In shari'a ce, ga mai ƙara. In dawowa ake yi, da wace kama zai dawo? In kakanni na kallo, ya tone su. In kuma fitila ce, to duhun yake kallo.

Ya ganta. Gadon ya soma girgiza. "Na ba ki. Na ba ki!"

Ta matso. Ta ce, "Ɗan Kulsumi, mi ka ba ni? Hilin, ko wancan?"

"Na ba ki."

"In wancan na, ban amsa ba tun can. Na ce maka albarka. Riƙe abinka, kai ka bukatarshi yanzu."

Liman ya ce, "Inna, ki dubi Allah ki yafe mashi. Kin ga halin da shike ciki."

Ta ce, "Malam, ni da yafiyata na taho, ga ta a bakina. A hidda shinkafa bisa mutanena, a kewaye wurin ko da ƙaya ne. In yafe yanzu-yanzu, kowa shi ji."

Mara lafiya ya soma buga hannunsa mai rai a kan katifa, yana kallon ɗansa. Wanda bai da ido ma ya san me yake cewa. Hajiya ta ce, "Musaddiq, ka ji Abbanka. Ya ce ya ba ta."

Musaddiq ya gyara agogo. Ya ce, "Mama, ko nas ta zo da allura haka yake ce mata. Wannan ba magana ba ce." Ya juya ga tsohuwa cikin ladabi, da murmushin da ta taɓa gani a wata fuskar. "Kaka, an riga an yi dashe. Kuma wurin nan shi ne zuciyar gonar. Ki yi haƙuri, ba kowa a can fa. Ƙasa ce. Wa ya je ya dawo?"

Ya 'yan uwa, uban na ji.

Wani sauti ya fito daga maƙogwaronsa, ba kuka ba, ba magana ba. Riskuwa ta ce har ta mutu ba za ta manta da shi ba. Karatun ƙofar gida ne ya dawo masa ta bakin mai zuba shayi, a ranar da ba shi da harshen da zai ce ƙarya na yi.

Ta miƙe ta fita. A tsakar gida Musaddiq ya biyo ta, ya sa an buɗe bayan mota. Ga turmin atamfa, ga buhun shinkafa. Ya ce, "Kaka, ga wannan ki rage zafi. Ta gonarmu ce, sabuwa."

Ta tsaya tana kallon buhun. Ta daɗe. Shinkafar da ta sha Tamba, ta sha Rabi'u da Zuhura, ita aka ba ta ta dafa.

Ta ce, "Albarka."

Ta sa takalmanta, ta taka har tasha, ta shiga motar haya.

Bai daɗe ba. Da lokaci ya yi liman ya sunkuya a kunnensa yana laƙƙana masa kalmar shahada. Ya maimaita, ya maimaita. Leɓen mutumin na ta ƙoƙari, jijiyar wuya ta miƙe. Abin da ya fito, shi ya fito. Da shi ya cika.

Aka kai shi maƙabarta mai katanga da ƙofa, aka yayyafa ruwa, aka kafa alama don kada wani ya taka. Ranar addu'ar uku aka ɗora manyan tukwane. Kun san shinkafar da aka dafa? Wasunku sun ci.

Ban ce muku ga inda yake ba. Wannan na Mai Sama ne, kuma rahamarsa ta fi fushina faɗi. Amma malamai sun gaya mana, ranar tsayuwa ba a biyan haƙƙi da gona ko da buhu. Daga ladan mutum ake ɗiba a ba wanda ya zalunta, salla, azumi, Makka, har haƙƙi ya cika. Ashe abin da ya faɗa da izgili a kan tudu shi ne ainihin yadda ake yi! Ya yi tayi da bakinsa a gaban shaidu. Tsohuwa ta ƙi tayin. Amma a can ba a tambayar mai kaya ko ya sallama.

Ku duba duk mutanen da ya jera. Masu ƙonawa da kuka da addu'a suke ƙonawa. Masu kai wa kakanni abinci saboda girmamawa suke kaiwa. Kirista ya ajiye makulli ya tafi da ƙafa. Wanda ya ce fitila ce ma, ku taɓa kabarin uwarsa ku gani. Sun saɓa a kan inda mamaci ya tafi, amma a cikinsu wa ya ce a noma shi? Ba shakka ce ta sa mutumin nan ya tone kushewa ba. Filin yake so, sai ya nemo shakka ya aza a kai.

Ku kuma iyaye, abin da kuke faɗi a kan darduma don a yi dariya, akwai masu tsaye suna haddacewa. Ranar da za ku nemi su ji tsoron Allah a kanku, da bakinku za su ba ku amsa.

Maganar ba ta ƙare ba, shi ya sa nake yin ta. Shinkafa na nan a kan mutane har yau. Riskuwa na nan da rai, ƙafa ta soma ƙi, amma tana tsayawa a kan kunya tana sallama. Yafiyar na nan a bakinta, ba ta haɗiye ba, ba ta furta ba. Magadan sun san kansu, kuma na san maganar nan za ta shiga ƙofar ƙarfe. Ku janye ruwa daga wurin. Ku kewaye shi. Ku dasa ko da kanya guda. In ba ku ji tausayin tsohuwa ba, ku ji na ubanku, wanda ya mutu yana ba da abin da kuka hana. In ta riga ku tafiya da kalmar nan a bakinta, wurin wa za ku karɓo masa?

Allah shi kiyaye mu da harshen da zai tsaya mana a ranar bukata. Allah shi kiyaye mu da cin haƙƙin rayayye da na matacce. Allah shi sa kalmarmu ta ƙarshe ta zama shahada, shi ba mu kushewar da ba mai nomewa. Amin.